Me ya sa ba mu ja wayar jan ƙarfe zuwa ɗaya ginin ba

Ɗana, jiya a kan hanyarmu ta dawowa daga Jega ka yi mini tambayar da na san tun safe take cinka. Ka ce, "Oga, kwalin wayar jan ƙarfe ta Cat6 mita 305 ce a cikinsa, tsakanin ofis da ɗakin kwamfuta kuwa mita 240 muka auna. Me ya sa muka sa wanda ya ba mu aikin ya sayi faiba da kwanbata biyu, ga waya mai arha?" Ban amsa maka ba saboda hankalina yana kan titi. Yanzu na zauna, sai ka karanta a natse.

Mita 305 ɗin nan tsawon abin da kamfani ya naɗe a kwali ne kawai. Saƙon da ke bin wayar jan ƙarfe iyakarsa mita 100, wato 90 a cikin bango ko bututu, sauran 10 na gajerun wayoyin da ke ƙarshen kowane ɓangare. In ka ɗan wuce, wani lokaci sai ya yi kamar zai yi aiki: fitila ta kama, gudun saƙon ya sauko daga megabit 1000 zuwa 100, kamara ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Zafi kuma yana ƙara raunana saƙon. A mita 240 ko fitilar ma kada ka sa rai.

Na san abin da za ka ce, a dasa suwic biyu, wato akwatunan da ke haɗa wayoyi, a hanya su riƙa miƙa wa juna saƙon. Ana yi. Amma kowane yana son wuta da rumfa a tsakiyar fili. Kuma ko da tazarar mita 60 ce, ni ba zan ƙara haɗa gini biyu da jan ƙarfe ba, don na sha wuyarsa.

Shekarun baya, lokacin ina jin babu kamar ni, na ja waya ta sama tsakanin gini biyu a wata makaranta wajen Argungu. Ba ta kai mita 80 ba, duk a cikin ƙa'ida. Ta yi aiki lafiya lau har rani ya ƙare. Hadarin farko na damina ya zo da tsawa, washegari aka kira ni. Suwic biyu sun ƙone, da kwamfuta ɗaya, alhali aradu ko kusa da rufin ba ta faɗa ba. Ba sai ta faɗa ba. Doguwar waya a sarari tana ɗaukar ƙarfin walƙiya daga nesa, ta zuba shi a cikin duk abin da aka soka mata. Ga shi gini ɗaya yana kan janareto, ɗayan yana kan wutar layi, kowane da nasa at, wato wayar da ke kai lantarki cikin ƙasa, to bambancin da ke tsakaninsu ma ta wayata zai bi. Da kuɗin aljihuna na biya. Faiba kuwa zaren gilashi ce, haske ke bi ta cikinta, lantarki ba shi da hanyar wucewa. Sai dai in mai sulken ƙarfe ce saboda ɓera, to sulken nan dole ka haɗa shi da at.

Ita kwanbata tafinta ce, ba ta wuce nan ba. Ta karɓi lantarki ta ramin waya, ta mayar da shi haske, 'yar'uwarta ta can ta mayar da hasken lantarki. Irin wadda muka saya ba ta raba intanet, ba ka shiga cikinta ka saita komai. Shi ya sa in fitilar FX, wato ta gefen faiba, ta ƙi kamawa, laifin kusan kullum namu ne.

Ka ga na ɗaga su ina duba ƙasansu kafin mu bar kasuwa? Harafin A da B nake nema. Masu zare ɗaya a jere suke zuwa: ɗaya tana aikawa da irin hasken da ake kira 1310 tana sauraron na 1550, ɗayar kuma akasin haka. In mai shago ya ba ka A biyu, kowace za ta yi ta magana da harshen da 'yar'uwarta ba ta ji, ka kwana kana zargin faiba. Masu zare biyu kuwa, TX na nan, wato mai aikawa, yana shiga RX na can, wato mai karɓa. In ta ƙi, musanya kawunan a ɓangare ɗaya kafin ka taɓa wani abu. Haka gudu: ta gefen waya suna daidaita kansu, amma ta gefen faiba mai 100 ba ta magana da mai 1000.

Faibar ma iri biyu ce. Mai rawayar riga singil-mod ce, faɗin hanyar haskenta maikuron 9 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), ita ce ake rubuta wa kilomita 20 a kwalin kwanbata. Mai ruwan lemo ko shuɗi-shuɗi malti-mod ce, maikuron 50 ko 62.5, a gudun 1000 ba ta wuce mita 550. Kada ka gauraya su, kuma kada ka soka koren kai a ramin shuɗi, yankan bakinsu daban ne.

Maikuron 9 fa na ce, gashin kanka ya ninka shi sau da yawa. To ka tuna ƙurar hunturu ta Birnin Kebbi, wadda ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Ƙwaya ɗaya a bakin kai ta isa ta tare hasken. Na gan ka ranar nan ka hura shi da baki ka goga a riga, na yi shiru ne don mai aiki yana tsaye. Da sifirit na goge faiba da takardarsa ake yi, murfin kuma ba ya fita sai lokacin sokawa. Kuma kada ka kuskura ka leƙa bakin faiba da ido don ganin ko akwai haske. Ba a ganinsa, amma yana lahanta ido. Jan biron gwaji yana cikin jaka don wannan.

Wuta ba ta bin gilashi, saboda haka kamarar da ke shan wuta ta waya sai an nema mata wuta a can ginin. Adaftar tamu bolt 5 ce, ta kamara 12, kuma kansu yakan shiga ramin juna, sai ka karanta kafin ka soka. Kada ka manna kwanbatar a ƙarƙashin kwano, ka san abin da watan Afrilu yake yi a nan, zafi yana haura 40 ko a inuwa.

Gobe da sassafe kai za ka koma Jega ka gama. Tafi da A ɗin ofis, B ɗin ɗakin kwamfuta, ka rubuta a jikinsu da maka. In fitilun PWR (ta wuta) da TX (ta gefen waya) da FX sun kama duka, ɗauki hoto ka turo mini kafin ka rufe akwatin.