Hukuncin babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mahauci ne a garin Gombe. Itace ya yi tsada, shi ya sa da yawanmu muka koma ƙona tsofaffin tayoyin mota wajen babbake kai da ƙafa da ganda. Maƙwabta suna kukan hayaƙi. Shin aikin ya halatta, kuma naman ya ciyu?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka ci gaba. Wannan aikin bai halatta ba, kuma ga dalili.

Taya ba roba ce zalla ba. A cikinta akwai baƙin gawayin masana'anta, da farar wuta, da sinadarin zink, da mai, da wayar ƙarfe, wadda kai ma kana ganinta a cikin toka bayan wuta ta mutu. Idan ta ci wuta a fili ba ta ƙonewa ƙurmus, sai ta fitar da baƙin hayaƙi mai maiƙo ɗauke da sinadarai masu suna benzin da benzofirin, waɗanda masu binciken ciwon daji suka tabbatar suna haddasa shi. Akwai kuma ƙura mai tsananin ƙanƙanta, ƙasa da mikron 2.5 (mikron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), wadda gashin hanci ba ya tare ta. Tana wucewa can ƙasan huhu, ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana ajalin mutum kusan miliyan 7 duk shekara. Da sassafen hunturu kuwa hayaƙin ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a kan gidaje, sai mai asma da jariri da tsoho su shaƙa alhali ba su ci ko sisi daga cinikinka ba. Allah ya ce a Suratur Rum, aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Annabi (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan hayaƙi da sunansa: Shehu Khalil a Mukhtasar ya ce alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wankan jama'a da ake hura wuta don dafa ruwa, da wari irin na majema idan suna cutar da maƙwabci. To, idan an hana hayaƙin itace, ina ga na taya? Tsadar itace kuma ba lalura ba ce a shari'a, tunda akwai wata hanya.

Game da naman, yanka dai ya inganta, bai zama mushe ba, kuma taya ba najasa ba ce. Matsalar cutar da ta shige shi ce. Waɗannan sinadarai suna narkewa a cikin kitse, saboda haka kankarewa da wankewa suna rage su ne kawai, ba sa fitar da su duka. Sayar da shi ga wanda bai sani ba algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Mai saye idan ya ji ƙaurin roba ko ya ga baƙin maiƙo a ninkin fata, ya bar shi.

Mafi tsabta shi ne wutar gas mai bututu. Ku haɗa kuɗi ku sayi tukunya ɗaya, a duba tiyo da ruwan sabulu kullum don gano yoyo. Ƙafa kuwa ruwan zafi ya ishe ta, wajen digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, a tsoma a kankare da wuƙa. Idan ruwan ya tafasa gashin kamawa yake yi, ya ƙi fita. Karan dawa da ɓawon gyaɗa da busasshen itace sun halatta, duk da su ma suna da hayaƙi, don haka a nisanta da gidaje. Ban yarda a bar taya a koma sare ɗanyun itatuwa ba.

Tokar da ta taru kada a zuba ta a kwalbati ko kusa da rijiya, domin ruwan sama zai kwashe ta ya kai wa mutane. Ka kai maganar gaban Sarkin Fawa a yi dokar ga kowa, saboda wanda ya daina shi kaɗai zai ga 'yan'uwansa sun fi shi araha. Abin da ya wuce cikin rashin sani, ka nemi gafarar Allah, ka kuma nemi afuwar maƙwabta.

Wallahu a'alam.