Filin Tambaya da Amsa: Bikin jazz na Montreal, ina zan fara?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Montreal ta Kanada, ban daɗe da zuwa ba. Kowa a ajinmu sai maganar bikin jazz yake yi, wai ana rufe tituna har kwana goma. Na buɗe jadawalin na ga sunaye sun fi ƙarfina, ni kuma gaskiya ban san komai a jazz ba, kunnena ya saba da kalangu da waƙoƙin gida. Kuɗina ba su da yawa. Wanne zan je, wanne zan bari? Ƙaninka Bakatsine, daga Montreal.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. To ai kai ka faɗa gidan biki ne kana tambayar ina ake tuwo. Wannan bikin tun 1980 ake yin sa, shahararren mawaƙin Amurka Ray Charles na cikin waɗanda suka buɗe na farkon, kuma a 2004 littafin Guinness ya sa shi a matsayin bikin jazz mafi girma a duniya. Ana yin sa daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, a unguwar da suke kira Quartier des spectacles, in ka hau metro, wato jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, ka sauka a tashar Place-des-Arts kana fitowa kiɗa zai tare ka. Abin da 'yan ajinku wataƙila ba su gaya maka ba shi ne mafi yawan wasannin kyauta ne, a waje ake yi a kan manyan dandamali, ba tikiti ba komai. Ko Stevie Wonder da ya zo a 2009 a fili ya yi wasa kyauta, jama'a suka cika titi maƙil.

Don haka shawarata kar ka ɗauki kuɗin abincinka na wata ka zuba a tikitin babban suna a zauren Wilfrid-Pelletier, wurin kujera kusan dubu uku ne, in ka sayi mai arha can sama za a ajiye ka, mawaƙin ma da ƙyar za ka gane fuskarsa. Ka yi kwana biyu ko uku na farko kana yawo a dandamalin waje kawai, ka tsaya nan minti ashirin, in bai shige ka ba ka matsa gaba, ba wanda zai ce maka don me. Sannan ka ware kuɗin tikiti ɗaya tak ka shiga ƙaramin zaure, irin su Gesù da ke titin Bleury, a ƙarƙashin wata tsohuwar coci yake, 'yan ɗaruruwan mutane kawai yake ɗauka. A nan ne jazz yake, mutum uku ko huɗu, mai fiyano da mai ganga da mai babbar jitar nan ta tsaye, kana ganin yadda mai gangar yake ɗaga gira ya kalli mai fiyano, shi kuma ya yi murmushi ya juya kiɗan wani wajen, har numfashin mai busa saksafon kana ji kafin sautin ya fito. A filin waje ba za ka taɓa ganin wannan ba saboda hayaniya da masu cin abinci da masu hoto da waya.

Kuma batun cewa ba ka san jazz ba, ka daina faɗa. Wanda ya taso yana jin Shata ya san abin da ake nufi da mutum ya ƙirƙiri baiti nan take a gaban jama'a, makaɗa suna riƙe masa gindin kiɗa, 'yan amshi suna dawo da shi hanya. Haka tsarin yake, za su fara da karin da kowa ya sani, sai kowane makaɗi a ba shi fili ya yi nasa yawon, a ƙarshe su dawo kan karin farko. In mutum ya gama nasa ana tafa masa tun kiɗa bai tsaya ba, kar ka ji kunya, tafa kawai.

Sunaye kuwa, jadawali yana canzawa kowace shekara, amma ga waɗanda in ka gan su kar ka yi wasa. Richard Bona ɗan Kamaru, mai jitar bes da murya mai sanyi. Lionel Loueke ɗan Benin wanda ya daɗe yana kaɗa wa Herbie Hancock, babban mai fiyanon jazz na Amurka, jita. Femi ko Seun Kuti in kana son ka yi gumi. Sai 'yan Nijar, Bombino na Agadas da Mdou Moctar da Etran de L'Aïr, waɗannan jitar Buzaye ce tsantsa, Turawa suna rububinta kamar me, mu kuma a bikin aure ake kaɗa mana ita a banza. Tal National na Yamai ma in sun faɗo, za ka ji Hausa da Zabarmanci da Fulatanci a waƙoƙinsu. Ni dai ina da ƙorafi a kan yadda ake tattara duk waɗannan a kira su kiɗan duniya a tura su dandamalin gefe da yamma, amma wannan maganar wata rana ce, kai riba ce gare ka tunda na waje kyauta ne kuma za ka samu wuri a gaba.

In an gama wannan kar ka ce an tashi. A cikin Yulin ake yin Nuits d'Afrique, wanda Lamine Touré ɗan Gini ya kafa a 1987, shi ne mai gidan rawa na Balattou a titin Saint-Laurent. Kwanakin ƙarshe a waje ake yi kyauta, har da kasuwa da abincin Afirka. Ka tafi da lema, hadari yana taso musu ba sallama, kuma ka lissafa sallarka, magariba sai wajen ƙarfe tara saura take yi a lokacin, manyan wasanni kuma bayanta kaɗan suke farawa.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Muna Ottawa da maigida da yara biyu, ga surukata ta zo mana. Wurin bikin jazz ɗin ya dace da iyali? Maman Ilham.

AMSA: Barka kadai Maman Ilham. Da rana zuwa la'asar lafiya lau ne, akwai wurin wasan yara, iyalai ne ko'ina da kekunan jarirai. Amma ki sani ana sayar da giya a filin kuma da dare cinkoso yana yawa, sauti kuma yana da ƙarfi sosai kusa da lasifika, ki tsaya da yaran can baya. Hajiya kuwa ki tambaye ta tukuna, in ta ce a'a ki bar ta ta huta, tsayuwa ce mai yawa. Daga Ottawa awa biyu ne a mota, ku je da hantsi ku juyo kafin dare ya yi.

TAMBAYA: Mu da ba za mu samu bizar Kanada ba fa? Ba wani a nan Afirka? Mai karatu daga Maraɗi.

AMSA: Akwai mana, kuma ni a wajena ya fi kusa da zuciya. Garin Essaouira na Maroko, a bakin teku, kamar awa uku a bas daga Marakesh, tun 1998 suke bikin Gnaoua galibi a watan Yuni. 'Yan Gnawa jikokin mutanen da aka ƙetara da su Sahara ne a zamanin bauta, a waƙoƙinsu har yau suna ambaton Hausa da Bambara da Fulani, kuma UNESCO ta sa kiɗan a jerin kayan gadon duniya a 2019. Malaminsu yana kaɗa gimbiri mai tsirkiya uku, yaransa suna buga wasu ƙarafa a hannu suna tsalle suna juya tuntun hula, in ka ji sai garaya ta faɗo maka a rai. Abin da za ka nema a jadawalin shi ne daren haɗaka a dandalin Moulay Hassan, inda ake haɗa malamin Gnawa da baƙon makaɗin jazz su yi tare, wani lokaci abin ya yi armashi wani lokaci kowa ya kama gabansa, amma ko wanda bai haɗu ba ya cancanci kallo. Ka kama masauki da wuri don garin ƙarami ne, kuma ka tafi da rigar sanyi, iskar tekun nan da dare ba ta da mutunci.