Kuɗin cizo ya hana mu barci, an ce in sa ƙwayar hatsi a ɗaki in rufe

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta, dan Allah ina neman shawara. Wata uku kenan kuɗin cizo ya addabe mu, yarana biyu duk jikinsu ƙuraje, da safe har ɗigon jini nake gani a zanin gado. Na yi feshi ya fi sau huɗu, sai a yi kwana goma su dawo. Yanzu wani mai feshi ya ce zai kawo ƙwayar nan da ake sa wa hatsi, a ajiye a kusurwoyin ɗakin a rufe, mu kwana a falo. Ina tsoron kar cizon ya sa wa yaran wata cuta, kuma ita ƙwayar ba ta da illa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Kafin komai, don girman Allah kar ki bari ƙwayar nan ta shigo gidanki, ko kyauta ya ce zai ba ki. Zan dawo kanta.

Maganar cuta, ki kwantar da hankalinki. Har yau ba a tabbatar kuɗin cizo yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba, duk da jinin da yake sha. Illarsa ƙaiƙayi, rashin barci, sai susar da yaro zai yi da farce har wurin ya zama gyambo, in kuma sun yi yawa sosai ƙaramin yaro yana iya samun ƙarancin jini.  Wanda ya kamata ki ji tsoro a ɗakin barcin yara sauro ne, maleriya tana kashe mutum wajen 600,000 duk shekara kuma yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, don haka gidan sauro mai magani kar ya bar kan gadonsu.

Toh mu koma kan ƙwayar, don wallahi wannan magana tana ci min rai, kusan kullum sai na ji ta. Mutane sun ɗauka in magani ya fi wari ya fi ƙarfi, in ya kashe ƙwarin rumbu to na ɗaki ma wasa ne. Sunan sinadarin aluminiyam fosfaid, da zarar ta sha danshin iska sai ta fara sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin, ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na gubar, kuma ba a dare ɗaya take gamawa ba, kwanaki take yi tana fitarwa. An yi ta ne don ma'ajiyar hatsi da aka toshe ruf, nesa da inda mutane suke kwana, a hannun wanda aka horar. Ɗakinki ba a toshe yake ba. Iskar za ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta silin, ta tsagar bango, ta iske ku a falon da ya ce ku kwana, ta wuce har ɗakin maƙwabta da ba su san hawa ba balle sauka. Wani lokaci za a ji ɗan wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wani lokaci mai barci ba zai ji komai ba. Yara ne take fara kayarwa, amai, ciwon ciki, numfashi da ƙyar, iyaye su ɗauka wani abu suka ci, kafin a gane ta riga ta taɓa zuciya da huhu. Kuma abin da ya fi tayar min da hankali, fosfin ba ta da makari. A asibiti ma tallafa wa jiki kawai ake yi ana addu'a. An rasa iyalai a ƙasashe da dama ta wannan hanyar, saboda kuɗin cizon da bai taɓa kashe su ba.

Haka maganin gona mai DDVP a jikin kwalba, da masu feshin bogi suke ɗurawa a gorar ruwa ba suna ba komai, su tsoma tsumma su yayyafa a katifa da filo. Wannan jijiyoyi yake kamawa, ta fata ma yana shiga. Alamarsa yawu yana dalala, gumi, ƙwayar ido ta ƙanƙance, tsoka tana rawa, ƙirji yana kurari. Shi yana da makari, allurar atirofin, amma sai an kai mutum da wuri. In hakan ta faru a fitar da shi iska, a cire kayan jikinsa a wanke fatar da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kar a ɗura masa madara ko mai, kar a sa shi amai. Duk mai feshin da ba zai nuna miki kwalbar asali da rubutun jikinta ba, wanda yake haɗa magani biyu uku da kananzir yana cewa sirrinsa ne, ki sallame shi tun daga bakin ƙofa.

Dalilin da suke dawowa bayan kwana goma kuwa ba wai maganin ya yi sanyi ba ne. Yawancin feshi ba ya kashe ƙwai, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, kin kashe iyayen ne 'ya'yan suka fito. Sannan wanda ake fesa wa iska don sauro ba ya isa inda suke ɓuya. Ga kuma juriya, tun kafin 1950 aka fara ganin kuɗin cizon da maganin ƙwari na DDT ba ya kashewa, yanzu da yawansu sun saba da sinadaran da ke cikin gwangwanin feshi na gida, ƙara yawan maganin ba zai canza wannan ba, huhun yaranki kawai zai sha.

Ki ɗauki tocila ki ɗaga ɗinkin bakin katifa da yatsa, za ki ga baƙaƙen ɗigo kamar an ɗiga tawada, da fararen ƙwai 'yan mitsitsi manne da zare, da ɓawon da suka saɓule. Nan ne gidansu, da mahaɗar katakon gado da ramin ƙusa da bayan hoton bango. A kwance gadon gaba ɗaya. Zannuwa da labule da kayan sawa a wanke da ruwa mai zafin digiri 60, zafi yana kashe su har ƙwan, a bi ɗinkin katifa da dutsen guga mai tururi a hankali. Shanya katifa a rana kaɗai ba ya isa, shigewa suke yi can ciki inda zafin bai kai ba. Sai a sa maganin da aka rubuta a jikinsa na cikin gida ne kuma na kuɗin cizo, a tsagogi kawai ba a inda fatar yaro take taɓawa ba, yara suna waje har ya bushe iska ta ratsa ɗakin. Bayan sati biyu a sake, ko da ba ki ga ko ɗaya ba, sannan a toshe tsagogin, a janye gadon daga jikin bango. Kuma ki yi wa maƙwabtan da kuke haɗa bango magana ku yi rana ɗaya, in ba haka ba daga ɗakinsu za su sake tsallakowa.