Hukuncin matashin da ya daina neman aiki da hujjar mata sun cike gurabe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama karatu, na yi ta kai takardu har na gaji na zauna. Kusan duk inda na je sai in ji mace aka ɗauka. Matata tana aiki, da albashinta muke ci. Abokaina sun ce aikin mata haramun ne tunda suna tare wa maza hanyar abinci. Haka ne? Kuma ina da laifi in na jira aikin da ya dace da karatuna?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya buɗa maka. Na san ciwon da namiji yake ji idan gari ya waye bai da abin da zai ajiye wa iyalinsa, don haka ka karɓi maganata a matsayin ta mai ƙaunarka.

Abin da abokanka suka faɗa ba daidai ba ne. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 32, maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata ma suna da nasu. Muslim ya ruwaito cewa an saki 'yar'uwar mahaifiyar Jabir bn Abdullah, ta so fita tsinkar dabinonta tana cikin idda, wani ya hana ta, amma Annabi (SAW) ya ba ta izini. Aikin mace halal ne in shi kansa aikin halal ne, ta kiyaye sutura, ta guji keɓewa da namijin da ba muharraminta ba, mijinta ya yarda, haƙƙin gida bai tozarta ba. Ba mace ce ke riƙe da arzikinka ba, Allah ne. Wanda ya ɗauki ma'aikaci don son zuciya ya bar wanda ya cancanta, shi ke da zunubi, ko mace ya ɗauka ko namiji.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna. Aya ta 34 a wannan sura ta jingina shugabancin namiji a gida da abin da yake ciyarwa daga dukiyarsa. Ci da sha da tufafi da muhalli wajibinka ne ko matarka ta fi ka samu. Albashinta nata ne, abin da take kashewa a kanku kyautatawa ce. Zainab matar Abdullahi bn Mas'ud ta tambayi hukuncin ciyar da mijinta, Annabi (SAW) ya ce tana da lada biyu, na zumunta da na sadaka. Ci daga hannun matarka da yardarta halal ne, amma ba ka da ikon tilasta mata. Ibn Hazm ne ya wajabta wa mace mai wadata ciyar da mijinta matalauci, jumhurun malamai kuwa ba su bi shi a kan haka ba. A wajen Malik da Shafi'i da Ahmad har tana da haƙƙin neman rabuwa idan miji ya kasa ciyarwa.

Sai ka bambanta wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Wanda ke fita yana nema bai samu ba, babu laifi a kansa, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da Ya ba shi. Wanda kuwa ga aikin halal a gabansa ya raina shi saboda takardar shaidar karatu, ya bar iyalinsa a wuyan wani, ina jiye masa tsoron hadisin Abu Dawud cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta waɗanda yake ciyarwa.

Dubi Abdurrahman bn Auf ranar da ya isa Madina hannu rabbana. Sa'ad bn Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya sa masa albarka ya ce a nuna masa kasuwa. Da ɗan cuku da man shanu ya fara dawowa. Annabi (SAW) da kansa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan 'yan ƙiraɗai, wato 'yan kuɗi kaɗan, kuma ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace a bayansa ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Wane digiri ne ya fi wannan daraja?

Saboda haka bai halatta ka zauna jira ba alhali kana da lafiya da iyali. Ka kama duk halal ɗin da ya samu yanzu, ko koyon sana'a a ƙarƙashin wanda ka girma, ka ci gaba da neman wanda ya dace da karatunka. Abin da ka samu, komai ƙanƙantarsa, ka fara sa shi a cefane. Ka zauna da matarka ka gode mata, ku yi magana a fili ko abin da take kashewa kyauta ne ko bashi. Idan mutuwar zuciyar ta kai ba ka iya barci ko fita cikin mutane, ka ga likita, neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Ka kuma lazimci addu'ar da Annabi (SAW) yake yi ta neman tsari daga gajiyawa da kasala.

Allah ne Mafi sani.