Baba zai zo Ikko kwana uku, ina zan kai shi banda bakin teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, shekarata 9 ina harkar kayan gwari a Mile 12. Mahaifina zai zo daga Zariya ganin jikoki, kwana uku kawai zai yi. Tsohon malamin firamare ne, ya haura 70, mutum ne mai son tarihi kamar me, sai dai gwiwa na ɗan damunsa. Ni kuma gaskiya banda kasuwa da bakin teku ban san ko'ina a garin nan ba. Don Allah ina da ina ya kamata in kai shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kawo Baba lafiya. Ba kai kaɗai ba ne, da yawanmu sai mu shekara 20 a Ikko daga gida sai kasuwa sai masallaci, in baƙo ya zo a kai shi ya ga teku ya sha iska a ce an gama. Toh ga shawarata, kuma tun farko in faɗa maka: kar ka yi haɗama. Garin nan gosulo ne ke tsara wa mutum ranarsa. Na taɓa haɗa wa wasu baƙi Badagry da Lekki a rana ɗaya, wallahi a cikin mota muka ga faɗuwar rana, sai haɗa Magariba da Isha muka yi a wani gidan mai, ba mu ga Lekkin ba. Rana ɗaya ta cikin tsibirin Legas, wato tsohon cikin gari, rana ɗaya ta Badagry, ta ukun kuma hutu. Shi kenan.

Ranar farko ku fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan. Ku fita daga Agege bayan Asuba kaɗan, kuma tunda akwai maganar gwiwa ka ɗauki shatar mota ta yini, kar ka sa dattijo hawa da saukar danfo. An buɗe gidan a 1957, wani Bature mai suna Kenneth Murray ne ya tsaya a kan kafa shi. Akwai kayan tagulla na Benin da na Ife, akwai kuma gumakan yumɓu na Nok waɗanda suka haura shekara 2000, kuma Nok ɗin nan fa a kudancin jihar Kaduna take, jihar su Baba. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. Shahararren cikinsu, kan nan na Jema'a, wani ma'aikacin kuza ne ya tsince shi ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi, kafin labari ya kai ga Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a Jos.

Amma abin da zai tsayar da Baba ba gumaka ba ne, motar Murtala ce. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 tana nan a ɗakinta daban, kewaye da hotunan shugabannin ƙasar nan tun daga zamanin Turawa. Ramukan harsashi suna nan a jikinta, za ka tsaya ka ƙirga su da idonka. Yana hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan ne, ba jiniya ba ayarin motoci, cunkoso ya tsayar da shi a Ikoyi mutanen Dimka, hafsan sojan da ya yi yunƙurin juyin mulki, suka buɗe wuta. Shekararsa 37, mulkin nasa ko wata 7 bai cika ba, kwana 10 kafin nan ya yi jawabin da ya mayar da jihohi 19 ya kuma ce za a koma Abuja. Duk dattijon da na taɓa kaiwa ɗakin nan sai ya yi shiru tukuna, sannan ya fara ba ka labarin inda yake a ranar da rediyo ta faɗa. Baba lokacin yana saurayi, ƙila ma ya fara koyarwa. Kar ka katse shi, kar ka duba agogo, ka bar yara su ji. Kuma ka tambaya kafin ka ɗaga waya, galibi ba a barin ɗaukar hoto a ciki.

Tsallaken titi akwai sabuwar cibiyar John Randle ta tarihi da al'adun Yarbawa, ginin zamani ne mai kyau, in da sauran ƙarfi ku leƙa. Kusa da nan kuma dandalin Tafawa Balewa, wanda kowa ke cewa TBS. Da filin sukuwa ne na Turawa, a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore a daren 1 ga Oktoba 1960. Ba sai kun daɗe ba, ku tsaya a ƙofa gaban manyan fararen dawakan nan ku ɗauki hoto ku wuce.

Daga nan sai Freedom Park a titin Broad, nan ne wajen hutawarku. Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, ɗan gwagwarmayar neman 'yanci Herbert Macaulay ya kwana a ciki, Awolowo ma haka. An mayar da shi lambu a 2010 lokacin cikar ƙasa shekara 50, an bar tsohuwar katanga, an kuma zana girman ɗakunan fursunoni a inda suke, in ka tsaya a cikin ɗaya ka miƙa hannu za ka gane me ake nufi da ƙunci. Akwai inuwa, akwai benci, akwai masu abinci. Da rana za ku je, da dare wajen kiɗa da shaye-shaye ne, bai dace da Baba ba.

In zuwan nasa ya haɗa da Juma'a toh ka sa wannan zagayen a ranar, ku yi sallah a babban masallacin Legas na titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988. Ni dai wanda ya fi burge ni ƙaramin ne, masallacin Shitta-Bey a titin Martins, 'yar tafiya kaɗan daga can. An buɗe shi a 1894, attajiri Muhammad Shitta ne ya gina da kuɗinsa, maginan kuma cikin bayin da suka dawo daga Brazil ne, shi ya sa fuskarsa ba ta yi kama da masallatanmu na Arewa ba ko kaɗan. Sarkin Musulmin Turkiyya na lokacin, Abdulhamid na biyu, har wakili ya turo wajen buɗewa, wani Baturen Liverpool da ya musulunta mai suna Abdullahi Quilliam, kuma daga can ne aka ba Shitta laƙabin Bey. Unguwar cikin kasuwa take, Balogun na nan Idumota na nan, turereniya ce sosai, ka sa Baba a gaba kai a baya, waya da kuɗi a aljihun ciki.

In za ku koma gida ka ce direba ya bi ta Obalende, unguwar da Turawa suka zaunar da sojojin Hausawa, ka faɗa wa Baba cewa Hausawa ba jiya suka zo Ikko ba. A 1863, shekara 2 bayan Sarki Dosunmu ya sa hannu Ingila ta karɓi garin, wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Glover ya haɗa wata 'yar runduna ta mutanen Arewa, yawancinsu bayi ne da suka gudo, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya ta yau daga nan take lissafin asalinta.

Rana ta biyu Badagry, kuma ita kaɗai. Daga Agege ku bi ta Iyana-Ipaja, Igando, ku ɓulla Iyana-Iba sannan ku miƙe ta Agbara. Hanyar bodar Seme ce, shingayen jami'ai ba iyaka, kowa ya riƙe katin shaidarsa. Wuraren gani suna kusa da juna a bakin ruwa. Akwai gidan tarihin Badagry a tsohon ofishin Di'o na 1863, akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na iyalan Mobee inda za a miƙo maka sarƙar wuya da marin ƙafa na ainihi a ce ka ɗaga ka ji nauyi. Ka ɗaga. Hannu biyu za ka sa, kuma da ita mutum ke tafiya a wuya.

Za a kuma nuna muku ginin 'yan mishan na 1845 a ce shi ne bene na farko a Najeriya. Ka shirya, Baba zai yi musu, kuma yana da gaskiya, hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen Kano da na Zazzau sun riga shi nesa ba kusa ba. A ce dai na farko irin ginin Turawa. Ka bar su su yi ta yi da mai zagayawa da ku, wani lokacin musun ya fi zagayen daɗi.

Inda na fi so ku daɗe shi ne gidan Seriki Williams Abass. Shi kansa bawa ne aka sayar aka kai Brazil, ya dawo ya zama babban dillalin bayi, ya gina kurkuku mai ɗakuna 40 inda ake tsare mutane kafin jirgi ya iso. Ɗakunan da aka bari a buɗe ƙanana ne, da 'yar taga guda can sama wadda ko kan mutum ba zai shiga ba, minti 2 a ciki gumi ya jiƙa ka. Musulmi ne, sarautarsa ma Seriki Musulumi, ka ji kalmar tamu ce, ya rasu a 1919 kuma kabarinsa na cikin gidan. Wannan ba labarin wasu can ba ne. Cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar tekun nan akwai Hausawa da yawa, har sun shirya bore a Bahia ta Brazil a 1807, a 1835 kuma bayi Musulmi suka sake tayarwa cikin watan azumi, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ta Badagry ɗin nan kuma Baturen nan mai yawon bincike Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Bello, a can ya mutu a 1827. Malamin makaranta irin Baba na san ya koyar da wannan a aji, sai ga shi tsaye a inda tafiyar ta fara.

Saura tsallakawa tsibirin Gberefu, inda ake kira wurin da ba a dawowa. Kwale-kwale ne na 'yan mintuna, kowa ya sa rigar kariya, kar ka yarda a ce babu. Bayan an sauka akwai tafiya cikin yashi da rana tsaka har bakin teku, a hanya akwai rijiyar da ake cewa in bawa ya sha ruwanta sai ya manta gida. Tafiyar ta yi wa mai ciwon gwiwa yawa, ko ka samo masa acaba a can ko ku tsaya a bakin ruwa ya hango. Ku ci kifi, ku sayi kwakwa, ƙarfe 3 ta yi muku a hanya.

Rana ta uku ka bar shi da jikokinsa. In ya matsa sai ya fita, ku hau sabon jirgin ƙasa na cikin gari daga tashar Agege zuwa Oyingbo, gidan Jaekel na kusa a harabar ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, ginin 1898 da aka mayar ɗan gidan tarihin reluwe, akwai tsofaffin hotuna da kayan aikin layin dogon da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Awa ɗaya ta isa. Lekki da gadarta mai lilo ta mita 401 a saman bishiyoyi kuwa ku bari sai yara sun samu hutu, ba da gwiwar Baba ba.