Tambayi Likitan Dabbobi: Gero da Dusa Kaɗai Ba Su Riƙe Kaza

Tambaya: Likita, ina da kaji 12 a gida. Tun shigowar bazara ƙwansu ya yi laushi, wani ma ba ɓawo sai fata, kuma sun koyi fasa shi suna sha. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa masu kanwa a ruwa. Gero da dusa nake ba su. Daga wata uwar gida, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, kajinki kalsiyom suke nema, sinadarin da ake gina ƙashi da ɓawon ƙwai da shi, kuma kanwa ba za ta biya wannan buƙata ba. Ɓawon babban ƙwai guda yana ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyom. Hanjin kaza kuwa wajen rabin abin da ta ci yake tsotsewa, shi ya sa mai yin ƙwai kullum take buƙatar kusan giram 4 a yini. Gero da dawa da dusa abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. In ba ta samu a abinci ba sai ta ciro daga ƙashinta, har wata rana ki tarar da ita kwance ƙafa ta ƙi ɗauka.

Zafi ma da nasa laifin. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, kaza tana buɗe baki tana haki, hakin kuwa yana rage sinadarin da ke cikin jini wanda ake haɗa ɓawo da shi. Ga cin abinci ya ragu. Don haka inuwa da ruwan randa mai sanyi suna cikin maganin.

Ki samu ƙashi wurin mahauta, a ƙona shi har ya yi fari, a daka. Ɓawon ƙwan da kika soya ma kada ki zubar: ki gasa shi a kasko, ki daka har kamanninsa su ɓace, don in suka gane ƙwai ne shan ƙwan zai ƙaru. Amma ki lura da lissafin can sama, ɓawonta kaɗai in aka mayar mata bai isa ba. In kin samu dakakken ɓawon kawa a shagon masu abincin kaji, ya fi duka. Ki zuba a wani kwano daban, mai buƙata za ta ɗiba da kanta. Farar ƙasa ta shafen ɗaki kuwa kada ta kusanci abincinsu, tana ƙona baki da maƙoshi. In a ɗaki mai duhu kike kulle su, ki riƙa sakinsu hantsi, domin da hasken rana jiki ke yin bitamin D, shi ke shigar da kalsiyom cikin jini.

Tambaya: Idanun kajina suna ruwa, wasu sun manne da wani farin abu kamar cuku. Na ba su kafso mai ja da rawaya kwana biyar, ba sauyi. Daga wani manomi, Mirya.

Amsa: Malam, kama ɗaya ka buɗe bakinta a haske. In ka ga ƙananan fararen ƙuraje a dasashi zuwa maƙoshi, ba wari, kuma abin a hankali ya zo, to ƙarancin bitamin A ne ya fi kama da shi. Da damina kaza tana tsinkar ɗanyen haki da ƙwari, tana tara bitamin ɗin a hanta. Ajiyar tana kai babbar kaza wata 2 zuwa 5. Haki ya bushe tun kaka, sai ciwon ya bayyana can cikin rani, mai kaji ya rasa daga ina ya fito. Gero da farar dawa ba su da shi, masara mai rawaya ce ke da ɗan abin kirki.

Kai da ke Mirya, ga lambuna kewaye da kai, ba ka da uzuri. Ganyen zogale, alayyafo, rama, ganyen salati da kabeji da masu lambu ke zubarwa, kankararren karas, kabewa, duk suna yi. Ka ɗaure ganyen ka rataye daidai tsayin kansu su yi ta tsinka. In za ka ajiye zogale, shanya shi a inuwa, rana tana cinye amfaninsa. Cokalin shayi guda na manja a murza cikin kilo guda na dusa shi ma yana taimakawa. Waɗanda suka riga suka kamu, a wanke masu ido da ruwa mai tsabta, a matso farin abin a hankali, a sa masu garin bitamin na kaji mai ɗauke da A a ruwan sha kamar yadda aka rubuta a jikin ledar.

In kuwa fuska ta kumbura, hanci yana wari, kuma cikin kwana biyu uku ya bi rabin garken, wannan mura ce mai yaɗuwa, sai ma'aikacin kiwo ya duba. Kafson mutane da ake saye a tire ana zazzaga wa kaji, ni dai ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ba a san adadin da kowace ta sha ba, kuma ragowarsa yana fitowa a ƙwan da yara za su ci.

Tambaya: Ƴan tsakina na sati 3, yatsun wasu sun lanƙwashe ciki, suna jan jiki a kan gwiwa, amma suna cin abinci. Tsakin gero nake ba su. Daga wata ɗaliba, unguwar Zango.

Amsa: Ƴata, wannan alama ce sananniya ta ƙarancin bitamin B2, jijiyar ƙafa ce ke lalacewa. In an yi sauri cikin kwanakin farko suna miƙewa, wanda ya daɗe a haka yatsunsa ba sa komawa. Yau ɗin nan ki sa masu bitamin mai rukunin B a ruwa. Ki riƙa haɗa sabo kowace safiya, ki ajiye kwanon a inuwa, don haske yana kashe B2. Ki dama tsakin da ɗan nono, ki ƙara yankakken ɗanyen ganye, dafaffen ƙwai da gara in kin samu. Abin da suka rage kada ya kwana. Kuma kada wani ya ba ki shawarar ciyar da su abincin kaji masu ƙwai, kalsiyom ɗinsa ya ninka abin da ɗan tsako ke buƙata wajen sau uku zuwa huɗu, yana lalata masu ƙoda.

Tambaya: Cikin hunturu kajina 7 suka mutu a sati guda. Suna zawo kore, wuyan wasu ya murɗe. An ce mini ƙarancin bitamin ne, na sayi leda biyu, ba su tsira ba. Daga wani magidanci, Magarya.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya sayar maka da ledar bai gaya maka daidai ba. Gaskiya ne ƙarancin bitamin B1 yana sa kaza ta ɗaga kai baya tana kallon sama, ƙarancin bitamin E kuma yana sa ƴan tsaki tangaɗi, musamman in ana ba su tsohuwar tunkuza da manta ya lalace. Sai dai kazar da ke cin dusa da wuya ta rasa B1, dusa na da shi sosai. Inda nake ganinsa shi ne wurin masu wuce ƙa'ida da maganin zawon jini mai suna amprolium, don shi yana toshe B1.

Ƙarancin abinci ba ya share akurki a sati guda. Yana zuwa sannu, ya rame kaza, ya rage ƙwai, ya gurgunta ɗaya ko biyu. Mutuwa a jere, zawo kore da murɗewar wuya a lokacin sanyi, wannan annobar Niyukasil ce, ƙwayar bairos ce ke kawo ta kuma ba ta da magani. Allurar rigakafi ce kawai, a yi ta tun kaka kafin iskar hunturu ta taso, wurin ma'aikatan kiwo. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta sati 2 kafin ta shiga cikin na gida. Waɗanda suka mutu a binne da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a bola.

Tambaya: Kajina suna fizgar gashin juna har jini, tukkunsu ya yi fari. In ƙara masu gishiri? Daga wani tela, Sabon Gari.

Amsa: Malam, ƙara, amma da awo: giram 3 a kilo, wato shafaffen cokalin shayi guda a kilo 2 na abinci, a gauraya sosai. Gishiri in ya yi yawa guba ne ga kaza, ƴan tsaki su ne farkon mutuwa. Fizgar gashi ta fi zuwa daga rashin abinci mai gina jiki da cunkoso, don haka ka nemo masu fara, gara, garin busasshen kifi ko sabuwar tunkuza marar fumfuna, ka faɗaɗa masu wuri, wadda aka ji wa ciwo ka ware ta har ta warke.

Farin tukku kuwa rashin jini ne, kuma kafin ka zargi abinci ka ɗauki tocila cikin dare ka haska tsagogin bangon akurkin. Akwai kaskar kaji da ke ɓuya a nan da rana, ta fito da dare ta sha jini. In ka gan ta, a fesa magani a yaɓe tsagogin, sannan a ba kajin maganin tsutsar ciki, don tsutsa ma tana raba su da abin da suka ci.