Madarar gwangwani mai "sinadarin nonon uwa": shin tana haramta aure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Ingila nake zaune. Ɗana bakwaini ne, ya yi makonni a kwalba a asibiti, yanzu watansa biyar. Nonona ba ya isarsa, sai nake haɗa masa da madarar gwangwani. A jikinta an rubuta HMO da 6'-SL, aka ce mini sinadaran nonon ɗan Adam ne. 'Yar yayata ma irinta take sha. Wani ya ce wai sun zama 'yan'uwan shayarwa, su da duk yaron da ya sha ta. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya shi. Ki kwantar da hankalinki, 'yata, wanda ya faɗa miki haka ya yi gaggawa.

Abin da ake kira 6'-SL, da ɗan'uwansa 3'-SL, sukarin madara ne da aka liƙa wa wani sukari mai suna siyalik asid. Allah Ya sanya wannan siyalik a saman ƙwayoyin halittar jikinmu, ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, kuma nonon mace ya fi na saniya shi nesa ba kusa ba. Ƙwayar cutar mura mai tsanani, wato infuluwenza, da shi take kama jiki, kamar yadda ƙarangiya ke kama riga. Wanda ke yawo a cikin nono kuwa, wasu ƙwayoyin cuta shi suke kamawa a hanjin jariri maimakon hanjin kansa, su fita tare da kashi. Amma na gwangwani ba a jikin wata mace aka tatso shi ba. A masana'anta ake ciyar da ƙananan ƙwayoyin halitta da sukarin madarar shanu, su sarrafa shi, a tace. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2021. Kama ya yi da na uwa, ba daga uwa ya fito ba. Yara dubu su sha nonon saniya ɗaya ba su zama 'yan'uwa, wannan mazhabobi huɗu sun haɗu a kai. Ki ci gaba da ba shi.

Ni abin da ya tsaya mini a tambayarki wani ne: makonnin nan da ya yi a kwalba. Asibitocin can kan ba bakwaini nonon wasu mata da aka tara a bankin nono idan na uwar bai kawo ba, kuma akwai wani ƙarin abinci na bakwaini da ake yi da nonon mata na gaskiya. Galibi sai iyaye sun sa hannu, amma mace da ke cikin ciwon haihuwa da tsoro ba kowace takarda take karantawa ba. To, shin an ba shi? Nan hukunci yake sauyawa.

A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya karanta, duk nonon mace da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyu yana haramta aure, ko tsotso ɗaya ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya sai an kai biyar. Amma dukkansu ba su bambanta tsotso da ɗura ba.

Za ki ji wasu a can suna cewa ba komai, don nonon kwalba ko na robar hanci ba shayarwa ba ne. Ra'ayin Ibn Hazm ne, kuma Shaihu Ƙardawi, Allah Ya jiƙansa, ya ƙarfafa shi a zamaninmu. Hujjarsu ita ce ayar ta ce "uwayenku da suka shayar da ku", uwantaka kuwa a ƙirji da cinya ake samunta. Ina girmama su, amma ban gamsu ba. Da runguma ce dalili, da mai raino da ta goya yaro shekara biyu ba tare da ta ba shi nono ba ita ma ta zama uwarsa, ba kuwa wanda ya ce haka. Kuma da yaro zai lallaɓo ya sha nonon mace tana barci, ba ta san an yi ba, jamhur, wato mafi yawan malamai, sun ce ta haramta gare shi. Ina tausayin uwa a nan? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rataya al'amarin a kan yunwa, nonon da ya kashe yunwar yaro ya gina tsoka da ƙashi. Bakwainin da ba ya iya tsotso, wanda nonon wata ya bi roba ya raya shi, wa ya fi shi shiga cikin wannan? Sai su ce ai ba a san matan ba, kokwanto kuma ba ya haramta abu. Gaskiya ne ga wanda abin ya riga ya faru gare shi kuma hanyar bincike ta toshe. Ba izini ba ne mutum ya rufe ido alhali takarda na nan a ajiye. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Jidda ma, a 1985, hana kafa irin waɗannan bankuna ta yi saboda cakuɗar nasaba.

Kada ki fahimce ni baibai. In likita ya ce hanjin bakwaini na cikin haɗari kuma babu na uwarsa, a ba shi, rai ya fi. Ba ki yi zunubi ba. Sai dai ki koma asibitin ki tambaya. Ƙa'idar Ingila ba a gauraya nonon mata biyu, kowace kwalba kuma da lambarta a rajista. Ki karɓi lambobin ki adana tare da takardar haihuwarsa, ki faɗa wa mahaifinsa, yaron ma in ya girma a sanar da shi, domin a can zai tashi, wataƙila a can zai nemi aure.

Kuma kada madarar ta sa ki sakaci da naki, ko kaɗan ne ki fara ba shi kafin kwalba. In Allah Ya ba ki wani, kada ki bari a matse dakashi a zubar kamar yadda wasu tsofaffinmu ke yi wai ƙazanta ne, a cikinsa siyalik ɗin nan ya fi yawa. Sannan ki tambayi yayarki ko ta taɓa ɗaukar ɗanki ta ba shi nono kina asibiti. Mata kan yi haka don tausayi su manta, kuma in ta yi, shi da 'yarta sun haramta ga juna. Wallahu a'alam.